Yadda Ake Tsinkar Mangwaro a Ƙaramin Lambu, Daga Reshe Zuwa Kasuwa

Yawancin asarar da mai ƙaramin lambu ke yi a kan mangwaro tana faruwa ne cikin 'yan sa'o'i kaɗan, tsakanin reshe da kwando. Bishiya ta yi shekara tana aiki, sai a zo rana ɗaya a hau ta a karkaɗe, 'ya'ya su zubo ƙasa, a tara su a rana, a danna a buhu. Ran nan ba a ganin komai. Sai bayan kwana huɗu, kaya sun isa kasuwar 'Yan Lemo ta Kano ko ta Zuba, baƙin tabo da ruɓa sun fito fili, dillali ya karya farashi, kuma da gaskiyarsa. Abin da ke tafe na mai bishiya biyar zuwa hamsin ne, wanda ba shi da ɗakin sanyi ko mota tasa, amma yana iya sarrafa abu huɗu: ranar da zai tsinka, yadda ɗan zai sauko, danƙon da ke fita daga hancinsa (wurin da tsinke ke riƙe da shi), da zafin da zai sha kafin ya bar lambu.

Shiri tun daga fure

A arewacin Nijeriya da kudancin Nijar mangwaro yana fure ne da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sai 'ya'ya su ƙosa da bazara. Na Binuwai yakan riga shiga kasuwa, na can arewa ya biyo baya har farkon damina. Daga cikar fure zuwa ƙosawa ana ɗaukar kwana 100 zuwa 150, gwargwadon iri da zafin shekarar. Don haka ranar da ka ga bishiya ta rufe da fure, rubuta kwanan wata, ko ka sa mata alama da fenti a gindi. Bishiya ɗaya takan yi fure sau biyu ko uku a kaka guda, tazarar mako biyu ko uku, shi ya sa 'ya'yanta ba sa ƙosawa tare. Wanda ya tsinke su duka rana ɗaya ya haɗa ƙosasshe da jariri a kwando ɗaya.

Idan kana ban ruwa, ka tsayar da shi kwana 10 zuwa 14 kafin fara tsinka. Ruwa a ƙarshen lokaci yana rage zaƙi, yana kuma ƙara yawan danƙo. Idan ka yi feshin maganin ƙwari, duba jikin kwalbar: akwai adadin kwanakin da dole su wuce tsakanin feshi na ƙarshe da girbi, kuma ba ɗaya ba ne ga kowane magani. A share gindin bishiya, a kwashe busassun rassa da ƙaya da duwatsu, a leƙa sama ko akwai gidan zuma ko na rina tun kafin a tura yaro ya hau.

Gane wanda ya ƙosa

Mangwaron da za a kai kasuwa ba a barin sa ya nuna a bishiya. Ana cire shi ne ya ƙosa amma yana da tauri, ya je ya ƙarasa nuna a ƙasa. Wanda aka cire bai ƙosa ba kuwa ba zai taɓa yin zaƙi ba, ko da ɓawonsa ya yi rawaya: zai yamutse, tsokarsa ta yi tsami, ƙamshi babu. Dalili shi ne zaƙin yana fitowa ne daga sitacin da ɗan ya tara yana jikin uwa, kuma mafi yawan wannan tari a makonnin ƙarshe yake yi.

Alama ta farko tana kafaɗa, wato gefe biyun da ke kewaye da hanci. A ɗanye kafaɗun suna gangarowa ƙasa daga hancin. Idan ya ƙosa sai su cika su taso daidai da hancin ko su ɗara shi, har wurin ya yi ɗan rami. Kumatunsa ma suna cika, ya bar siffar faɗi ya yi ɓul-ɓul. Koren ɓawon yana sauyawa daga mai duhu zuwa mai haske, wasu iri kuma su yi wata farar hoda a jiki wadda ke gogewa da yatsa. Tsinken da ke riƙe da shi yakan fara bushewa daga sama.

Kada jan kumatu ya ruɗe ka. Irin su Kent da Keitt suna yin ja a gefen da rana ke duka tun suna ɗanyu, kuma akwai irin da ke nuna sarai ɓawonsa yana kore. Launin waje shi ne mafi raunin shaida.

Shaidar da ba ta ƙarya tana ciki. Ɗebo biyar daga ɓangarori dabam-dabam na bishiyar, har da na cikin inuwa, ka yanka kowanne a tsaye daf da ƙwallo. Idan tsokar fara ce fat, ko wuƙa ta ratsa ƙwallon cikin sauƙi, a ba shi mako ɗaya ko biyu. Idan ƙwallon ya yi tauri kuma rawaya ta fara daga jikinsa tana bazuwa waje, lokaci ya yi. Mai kai kaya nesa, kamar Legas, zai tsinka da zarar rawayar ta bayyana sosai a kewayen ƙwallo. Mai sayarwa a kasuwar garinsu zai iya jira har ta kai rabin tsokar ko fiye, don zaƙin zai fi. Asarar guda biyar ɗin nan ba komai ba ce a kan kwando goma na kayan da ba za su nuna ba.

Wasu suna gwadawa da bokitin ruwa: ƙosasshe ya nutse ko ya tsaya can ƙasa, ɗanye ya taso. Gwajin yana aiki ga iri da yawa amma ba duka ba, saboda haka ka haɗa shi da yanka tukuna ka ga ko ya dace da naka. Haka nan idan bishiya ta fara sakin nunannu biyu ko uku da kanta, waɗanda ba tsutsa a ciki, zagayen farko ya yi ke nan.

Iri ya bambanta ƙwarai. Ƙananan na gida masu zare suna jure wahala fiye da na aure. Binta suga, paparanda, bakin aku, ɗan Kamaru, Julie, Peter, kowanne da kwanakinsa da yadda yake nuna alama, kuma mai lambu ne ya kamata ya san na kowace bishiya tasa. Wasu manyan na aure idan suka daɗe a sama tsokar da ke jikin ƙwallo takan narke ta yi ruwa-ruwa alhali waje lafiya lau. Irin waɗannan gara a cire su da wuri kaɗan.

Kayan aiki

Ba su da tsada. Almakashin lambu ko ƙaramar wuƙa mai kaifi domin na ƙasa-ƙasa. Gora mai tsawon mita 3 zuwa 5, marar nauyi, domin na sama. A kan gorar maƙeri zai yi maka zoben ƙarfe mai faɗin santimita 15 zuwa 20, a ɗinka masa jakar yadi mai ƙarfi ko raga, zurfin da zai ɗauki mangwaro uku ko huɗu. A bakin zoben ta can gaba a sa reza ko guntun wuƙa mai siffar ƙugiya, a ɗaga ta sama da zoben kamar faɗin tafin hannu, domin ta yanke tsinken daga nesa da ɗan. Idan wuƙar tana daidai da zoben, za ta riƙa fizge ɗan daga hancinsa, danƙo ya wanke duk na cikin jakar. A naɗe zoben da tsumma ko robar tayar keke don kada ya kurje ɓawo.

Sai tsani mai ƙarfi, tabarma ko tamfol na shimfiɗawa a inuwa, bokitai, da kwandunan roba masu huji irin waɗanda ake hawa ɗaya kan ɗaya. Masu aiki su sa riga mai dogon hannu da hula, su yanke farce. Danƙon mangwaro yana ƙona fata, wasu mutane har ƙuraje da kumburi yake sa musu, idan ya shiga ido kuma a wanke nan take da ruwa mai yawa.

Ranar tsinka

Wane lokaci na yini? Da asuba 'ya'yan suna da sanyi, amma a lokacin ne danƙo ya fi tsartuwa, ga raɓa idan damina ta kusa. Da tsakar rana danƙo ya ragu, amma zafin Afrilu da Mayu a arewa yakan haura digiri 40, ɗan da aka cira a lokacin yana sauko da zafi a cikinsa ya yi saurin laushi. Abin da ya fi shi ne a fara bayan rana ta ɗan ɗaga ganye ya bushe, a tsaya kafin ƙarfe 11. Idan aiki bai ƙare ba a koma bayan la'asar. Ba a tsinka ana ruwa ko ganye na jiƙe, domin ruwan da ke gangarowa daga rassa shi ke ɗauko ƙwayoyin cutar baƙin tabo ya shafa wa 'ya'ya.

Mutum uku sun isa bishiya ɗaya: mai tsinka, mai karɓa, mai jerawa a inuwa. A fara da na ƙasa waɗanda hannu ke kaiwa, sannan a hau sama, don kada gora ta riƙa kaɗo na ƙasan. Riƙe ɗan da hannu ɗaya, ka yanke tsinken da ɗayan, ka bar masa tsawon santimita 5 zuwa 10. Wannan dogon tsinke shi ne sirrin aikin. Daf da ɗan akwai wata 'yar gaɓa. In aka karya a nan, danƙo yana fita da ƙarfi. In aka yanka can sama da ita, kusan babu abin da ke fita.

Mai gora ya saka ɗan a cikin zobe, ya ja a hankali har wuƙa ta yanke, ya sauke gorar bayan uku ko huɗu. Cika jaka yana sa na ƙasa su matse, gorar kuma ta rinjayi mai riƙe da ita. Idan bishiyar ta yi tsawon da sai an hau, mai hawa ya tafi da jaka ko bokiti da igiya, ya riƙa zuro su ƙasa. Akwai masu jefowa ana cafewa da buhun da aka zura wa sanduna biyu. Ya fi faɗuwa ƙasa, amma kowane wanda aka kuskure ya tafi. Reshen mangwaro yana da gautsi, yana karyewa ba gargaɗi, saboda haka a taka kusa da gindin reshe, kada a bi shi zuwa ƙarshe saboda 'ya'ya biyu.

Duk wanda ya faɗi ƙasa a ware shi gefe, ko da ba a ga rauni ba. Faɗuwar da ba ta kai mita ɗaya ba ta isa ta farfasa tsoka a ciki, sai ya fara nuna wurin ya yi baƙi ko ya yi fari da tauri. Ƙasa kuma tana ɗauke da cutar da ke shiga ta hanci ta ruɓar da shi. Na ƙasa na gida ne ko na sayarwa yau-yau.

A bar waɗanda ba su ƙosa ba. A dawo musu bayan kwana 7 zuwa 10, haka har zagaye uku ko huɗu. Wahala ce, amma kaya suna fita kai ɗaya, kuma ba ka zube duk amfaninka a kasuwa a mako ɗaya ba. Abu ɗaya ke karya wannan tsari: iskar farkon damina. Idan hadari ya fara haɗuwa da yamma kuma akwai ƙosassu a sama, a sauke su, don guguwar dare ɗaya tana iya zubar da rabin bishiya.

Wata magana a kan 'yan ƙwadago. Wanda aka yi jinga da shi a kan yawan kwando, karkaɗa zai yi da zarar ka juya baya, kuma ba za a ga laifinsa ba, tunda abin da aka biya shi ke nan. Biya a kan yini, ka tsaya a wurin.

Tsiyaye danƙo

Danƙon da ya zuba a ɓawo ba ya nuna illarsa nan da nan. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ka ga dogon zane mai ruwan ƙasa ko baƙi ya gangaro daga hanci, kamar an ɗiga wa wurin ruwan batir. Mai saye yana ganin wannan ya ce ruɓa ce, kuma daga baya takan zama ruɓar, don fatar da ta ƙone ƙofa ce ga cuta. Wanda ya fara tsartowa cikin 'yan daƙiƙun farko shi ya fi ƙuna, saboda akwai mai a cikinsa. Na baya mai ɗiga a hankali ya fi sauƙi, sai dai yana sa ƙura ta manne.

A inuwa a kafa wani ɗan gado na gora ko kara, tsayin gwiwa, sandunan a jere da tazarar yatsu uku. Ɗauki mangwaro, ka kifa hancinsa ƙasa tukuna, nesa da fuskarka da sauran kaya, sannan ka rage tsinken ya koma kamar santimita 1. Ajiye shi a kife tsakanin sanduna biyu yadda hancin ba ya taɓa komai. Bar shi minti 30 zuwa awa ɗaya har ɗigar ta tsaya. Kada a kifa su a kan yashi ko ƙasa kamar yadda ake yi a wurare da dama. Danƙon yana tsotsewa, gaskiya ne, amma sabon rauni ne aka manna wa ƙasa. Me ya sa ba za a bar dogon tsinken a tafi da shi haka ba? Domin a cikin kwando yana soke na kusa da shi, ko ya karye a hanya ya zubar da danƙon a inda ba mai gogewa.

Tacewa da wanki

A raba kashi uku tun a lambu. Na ɗaya manya masu lafiya, ba tabo ba kurji. Na biyu ƙanana da masu ɗan tabon da bai wuce ɓawo ba. Na uku masu rauni, waɗanda tsuntsu ko jemage ya taɓa, da waɗanda suka fara laushi. Nunanne ko guda ɗaya kada ya shiga kwandon masu tafiya nesa, don iskar da yake fitarwa tana tayar da nunar sauran. Ɓoye na biyu a ƙasan kwando a rufe da na ɗaya dabara ce da kowane dillali ya sani, hannu yake zurawa har ƙasa, kuma da farashin na ƙasan zai saya duka.

Wanki da ruwa mai tsabta yana cire ƙura da sauran danƙo. Idan za a sa bilic, a sami marar turare. Mai ƙarfin kashi 3.5 cikin 100, cokali 4 na cin abinci ya isa lita 20. A tsoma minti biyu, a canza ruwan da zarar ya yi datti, a shanya a inuwa su bushe sarai kafin a jera. Ruwan da aka wanke kwando biyar a ciki ba a canza ba ya koma mai raba cuta.

Baƙin tabon nan da ke fitowa yayin nuna, mai faɗaɗa ya lotsa, cutar funfuna ce da ta shiga tun ɗan yana ƙarami ta kwanta, sai ya yi laushi ta farka. Ta fi yawa a wurare masu laima da kuma kayan da suka kai damina. Ruwan ɗumi yana rage ta sosai, ita da ruɓar hanci: digiri 52 na tsawon minti 5, cikin awa 24 da tsinka. Bokiti ɗaya na tafasasshen ruwa a kan bokiti biyu na ruwan rijiya yana kai ka kusa da haka, amma dole a sami ma'aunin zafi a daidaita, don da ya wuce digiri 55 ɓawo zai sule, in kuma ya gaza 50 aikin banza ne. A yi a rabin duro, ruwa ya fi kayan yawa sosai don kada ya huce da an zuba su, a riƙa motsawa, a fitar a shanya. A gwada da guda goma tukuna a ga yadda za su yi bayan kwana uku, saboda wani irin ɓawonsa bai jure ba. Wanda ba shi da ma'auni ya bar wannan mataki gaba ɗaya.

Ƙuda da tsutsa

Tsutsar da ake tararwa a cikin mangwaro ɗiyar wani ƙaramin ƙuda ce mai ratsin rawaya. Macen tana soka ɓawo ta zuba ƙwai a ƙarƙashinsa. Wurin yakan bar ɗan ɗigo baƙi, wani lokaci da ɗigon danƙo a kai, kewayensa ya yi laushi kafin sauran jiki. Mafi ɓarna a cikinsu baƙo ne daga Asiya, an fara ganin sa a Afirka a ƙasar Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru ya game Afirka ta Yamma. Yana ƙaruwa ne da saukar ruwa, shi ya sa iri masu jinkiri kamar Keitt suka fi shan wahalarsa, kuma ya fi son ɗan da ya fara nuna. Tsinka a kan ƙosawa ita kanta kariya ce.

Tsutsar idan ta girma tana fita daga ɗan da ya faɗi, ta shiga ƙasa, ta fito ƙuda. A nan ake yanke mata hanya. Hausawa sun ce a yar da ƙwallon mangwaro a huta da ƙuda, to a lambu yarwa kaɗai ba ta isa ba. Kowane kwana biyu a tsince duk abin da ya faɗi, a zuba a baƙar leda mai kauri marar huji, a ɗaure a bar ta a rana mako guda, ko a binne a ramin da ƙasar da za ta rufe shi ta kai santimita 50. Binnewa sama-sama reno ne. Shagunan kayan gona suna sayar da tarko mai sinadarin methyl eugenol, wanda ke jawo mazan kawai. A rataya tun wata biyu kafin girbi, a inuwar reshe. Yana nuna maka yawan ƙudan yana kuma rage su, amma idan maƙwabcinka ya bar nasa na ruɓewa a ƙasa, nasa ƙudan naka ne. Jajayen cinnakun nan masu ɗinke ganye su yi gida a bishiya suna cizon mai hawa, sai dai suna korar ƙudan, don haka kada a yi musu feshi haka kawai.

Jerawa da lodi

Buhu shi ne mafi munin mazubi: ba iska, nauyin na sama a kan na ƙasa, ga jifa wajen lodi. Kwandon kaba ko na gora ya fi shi, amma yana da kaifi a ciki kuma yana lotsawa idan an hau masa wani. In shi ke gare ka, shimfiɗa takarda ko busasshiyar ciyawa mai tsabta a ciki, kada ka sa ɗanyen ganye mai jawo gumi. Kwandon roba mai ɗaukar kilo 20 zuwa 25 shi ne daidai, domin nauyin na sama yana sauka a kan bakin kwandon ne. A jera hanci ƙasa, sahu uku ko huɗu, a tsaya yatsu biyu kafin baki. Kada a yi masa tozo.

A yi lodi da yamma a yi tafiyar dare ko ta asuba. Kada a haɗa da taki, fetur ko dabbobi, kada kowa ya zauna a kai. In za a rufa, a ɗaga rufin ya bar hanyar iska. Baƙar tamfol da aka ɗaure tam a kan kaya da rana dafa su take yi.

Nunarwa da ajiya

Ƙosasshen mangwaro yana nuna da kansa cikin kwana 4 zuwa 9. Ya fi kyau da launi da ƙamshi a zafin digiri 20 zuwa 25. Sama da 30 yakan nuna rabi da rabi, ya yi wani ɗanɗano marar daɗi. Da bazara ke nan sai a nemi ɗaki mafi sanyi a gidan, na ƙasa mai rufin azara ko na ciyawa ya fi na kwano, a shimfiɗa sahu ɗaya ko biyu a kan tabarma, a riƙa dubawa kullum ana cire wanda ya yi. Idan ana gaggawa, a sa su a kwali tare da nunanniyar ayaba biyu ko uku a rufe kwana ɗaya ko biyu, sannan a buɗe.

Kabaid ɗin masu walda da wasu ke ƙunsawa a tsumma su cusa cikin kaya, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Nijeriya, NAFDAC, ta sha gargaɗi a kan haramcinsa. Yana ɗauke da gurɓatattun abubuwa masu guba irin su asenik, kuma iskar da yake fitarwa tana kama wuta. Ta fuskar ciniki ma cuta ce: ɓawo ya yi rawaya, ciki tsami. Mai buƙatar kabaid galibi wanda ya tsinka bai ƙosa ba ne.

Don jinkirta nuna, digiri 12 zuwa 13 yana riƙe ƙosasshe mako biyu zuwa uku. Firjin gida ya fi haka sanyi, ɗanyen da aka sa a ciki ɓawonsa yakan yi toka-toka ya ƙi nuna, saboda haka sai wanda ya riga ya nuna ake sa wa. Ga kaya kaɗan akwai tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani da jiƙaƙƙen buhu a kai, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa. Tana aiki sosai lokacin da iska ke bushe, da damina ta kankama kuma amfaninta ya ragu. Kashi na uku da ba su ruɓe ba a fere, a yanka kaurin rabin santimita, a shanya a kan raga a sama da ƙasa, a rufe da yadi marar kauri saboda ƙuda, har ya bushe yana lanƙwasuwa ba ya ɗigar ruwa.

Idan za a sayar da bishiya a tsaye

Mai buƙatar kuɗi da wuri yakan sayar wa ɗan kasuwa 'ya'yan tun suna sama. Kafin ciniki, tsaya a gefe ɗaya ka ƙirga na rubu'in bishiyar ka ninka huɗu, ka raba da yawan da ke cika kwando, ka san abin da kake sayarwa. A yi sharaɗi gaban shaidu: ba karkaɗa, ba karya reshe, da ranar da zai gama. Shi kakar bana kawai ya saya, bishiyar taka ce baɗi.

Sauran itatuwan lambu

Gwanda da ayaba da gwaiba suna ƙarasa nuna bayan an cire su, kamar mangwaro. Gwanda ana cire ta da zarar zanen rawaya ɗaya ko biyu ya fito daga ƙasanta, a yanka da ɗan guntun hanci, a kife ta danƙo ya tsiyaye. Fatarta ba ta jure ko kurjin farce. Ayaba ana duba kusurwoyin 'ya'yan, idan sun cika sun kusa zama zagaye ta yi, yawanci wata uku ko ɗan fiye bayan fitar fure. Aikin mutum biyu ne: ɗaya ya sari gindin rabi ya sunkuyo a hankali, ɗaya ya tarbi nonon a kafaɗa. Gwaiba ba ta jira, kowane kwana biyu ko uku ake zagayawa. Lemu dabam yake, ba ya ƙara zaƙi ko kaɗan bayan an cire shi, kuma a ƙasar zafi yana nuna ɓawonsa na kore, don haka ɗanɗanawa ce gwajinsa.

Bayan zagaye na ƙarshe

Kada a bar ko ɗa ɗaya a sama, ragowar nan ita ke ciyar da ƙuda. Cikin mako biyu ko uku a yi aski: a yanke tsinkayen da suka yi 'ya'ya, busassun rassa, waɗanda suka harɗe a tsakiya, da duk kaucin da ya kama, a yanka shi tare da guntun reshen da yake kai don saiwarsa tana ciki. Bishiyar aure a riƙe ta a tsawon mita 4 zuwa 5 yadda gora za ta kai ko'ina daga ƙasa. Tsohuwar da ta yi tsawo sosai a rage ta kashi-kashi cikin shekara biyu ko uku, don sara mai yawa lokaci ɗaya yana hana ta 'ya'ya. Sannan a zuba ruɓaɓɓen takin gida a kewaye, daidai inda inuwar rassa ta tsaya, ba a jikin gindi ba, ruwan damina ya shigar da shi. Sabon tohon da zai fito bayan wannan aski shi zai yi furen hunturu mai zuwa, kuma yana buƙatar watanni ya ƙosa, saboda haka askin da aka jinkirta zuwa ƙarshen damina yana rage 'ya'yan baɗi.